Tukwanen da Inna Ta Gina wa Kabarinta

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce elementare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba a kan wadda ta riga mu gidan gaskiya. Amma waɗanda zan tambaya suna ta ƙarewa.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Roni, zamanin En'e. Tana gina randa da tulu da kasko, in yumɓu ya ragu ta yi wa jikoki doki ko raƙumi. Duk tukunyar da ta gina sai ta danna babban yatsanta a wuyanta tun tana ɗanya.

A wajenmu da tukwane ake rufe kabari, a jera su a bakin ramin kafin a mayar da ƙasa. Inna ta gina nata, manya, ta kife su a bayan rumbu. Ni ta damƙa wa amanarsu.

"Na ƙare rayuwata ina yi wa mutane gini," in ji ta, "sannan a rufe ni da aikin wata? Ka ji dai na gaya maka."

Da damina ba a gasa tukwane, ita kuwa mutuwa ba ta jira. Duk gidan da aka yi rashi sai a aiko wajen Inna, ta ce a ɗiba daga nata. Ni kuma hankalina ya tashi.

"Inna, sun fa kusa ƙarewa."

"Kai dai da zullumi! Mala'ikan mutuwa ne ya aiko ka dubawa? Rani na nan zuwa."

Rani ya zo ta sake ginawa. Haka muka yi shekaru.

Ajalinta ya same ta a wajen Gwiwa, inda ta je jinyar yayata, cikin damina. Kafin labari ya iso mini an binne ta, tukwanenta na kife a bayan rumbu. Da na je gaisuwa, mijin yayata ya ce daga gidan wata tsohuwa a maƙwabta aka samo na rufin.

"Akwai alamar yatsa a wuyansu?"

"Haba, ana ta hidimar gawa, wa zai tsaya duba wuyan tukunya?"

Tsohuwar ba ta iya tuna inda ta saye su ba. Abin da na sani shi ne masu jakuna sun sha kai kayan Inna kasuwannin wannan yanki. Ƙila dai da aikinta aka rufe ta. Liman ya ce mini addu'a ce ke amfanar mamaci, kuma ina yi mata. Sai dai ni ta bar wa amana.

Don Allah, duk wanda iyayensa suka yi fataucin tukwane tsakanin Roni da Gwiwa a wancan zamani, ko ya taɓa ganin tsohuwar randa mai alamar babban yatsa a wuya a can, ya taimaka ya sanar da ni.