Kalmar Farko ta Ɗanladi

Ku gaya mini, yaron da ba a yi masa magana, a bakin wa zai koya?

Ɗanladi ɗan yayata ya shekara uku, ko "ruwa" bai taɓa cewa ba. Ɗan fari ne, uwa na kunyarsa, uba na kau da kai. Ni kaɗai ke saɓa shi zuwa gonar auduga bayan ganuwar Ƙarfi, ina surutu, ina faɗa da jakina.

Jiya kakarsa ta kira wanzami, wai linzami ne ya ɗaure masa harshe, a yanke.

Na ce, "Inna, duk ajamin da na koya wa kaina, ban ga inda aska ke koyar da magana ba."

Ta ce, "Rufe mana baki, sarkin surutu."

Wanzami ya zaro aska. "Buɗe baki, ɗan albarka."

Ɗanladi ya harare shi, ya ce, "Kauce, jakin banza!"

Yaya ta manta da kunya, ta rungume shi tana kuka. Wanzami ya naɗe zabirarsa ya fita yana huci. Yanzu wai ni na lalata yaro!

Mai wannan magana ya fito dandali ya amsa mini a gaban kowa: da zagin da askar, wanne ya buɗe bakin?