Aron Yatsa

Daga teburin shayinsa a bakin kasuwar dabbobi ta Dakoro, Yazidu ya ƙura wa wani baƙo ido. Dogon makiyayi ne mai rawani shuɗi, yana riƙe da 'yar kyamara wadda ba ta cika tafinsa ba, irin wadda ake taɓa gilashinta ta ɗauki hoto. Yana saita jan bijiminsa da dillalai suka gama cinikinsa. Da gani, tun yana maraƙi yake hannunsa.

Yana dangwala gilashin, kyamara ta yi biris. Igiyar guga ta sa yatsunsa sun yi kanta, gilashin ba ya jin su.

Bai ko juya ba ya ce, "Ke, ara mini yatsa."

"Yau ma, Elhaji?" in ji matarsa tana dariya. Ta miƙo ɗan yatsa mai lalle ta ƙarƙashin hannunsa, ta taɓa. Suka haɗa kai suna kallon bijimin.

Yazidu ya sauke ido. Ya dubi nasa yatsun, sumul, kowane gilashi yana jin su. Ga su goma cif, ba mai cewa a ara masa ko ɗaya.