Tulun da Ya Jira Numfashina

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar auren 'yata ta fari a cocinmu na Kafanchan ba.

Ni ce mai ba da waƙa a ƙungiyar zumuntar matan cocin, kuma ba yabon kai ba, muryata ba ta neman lasifika. Kwatsam wani abu ya same ni. Da na miƙe gaban jama'a sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku, hannuwana su jiƙe, numfashi ya ƙi shiga, in ji kamar mutuwa ce ta zo. Na daina waƙa, har kasuwa na fara gudu.

Mu kuwa mutanen citta ne, kowace cuta citta muke ba ta. Matan zumunta suka yi ta kawo mini, ɗanya da busasshiya, har gumina ya koma yaji. Aka yi addu'a, aka yi azumi. Fasto ne ya ce, "Mama, addu'a ba za mu fasa ba, amma Allah ɗin ne ya ba likita ilimi. Ki je."

Likitar ta auna ni, ta saurare ni tsaf, ta ce zuciyata ƙalau take, ciwon fargaba ne, kuma ana samun sauƙi. Na ji haushi, ni da ko maciji ba ya sa ni gudu! Ta ba ni magani, muka riƙa zama muna tattaunawa. Ta koya mini jan numfashi a hankali, ta ce in riƙa komawa gaban mutane kaɗan-kaɗan.

Ana cikin haka 'yata ta ce ni za ta so in ba da waƙar rakiyarta. Na amsa. Na faɗa wa ƙawata mai buga mana tulu a madadin ganga komai.

Ranar, coci ya cika maƙil. Na miƙe, na buɗe baki, sai abin ya taso. Na juya zan zauna, sai na ji tulun ya sassauta, bum, can kuma bum. Ƙawata ta harare ni. "Ja iska, ki bi tulu! Babu inda za ki je."

Na ja, na saki, ina bin bugun. Mata suka yi ta rausaya suna jira. Can murya ta fito tas. 'Yata ta yi kuka har hodarta ta wanke, ni kuwa daɗi ya kusa kashe ni. Bayan an tashi, matan da suka zo daga Kagarko suka tare mu wai mu koya musu wannan sabon salon.

Har yau abin yakan leƙo, amma na san shi. Na koyi cewa irin wannan tsoro ciwo ne, ba rashin bangaskiya ba, yana kuma da magani. In ka faɗa, za ka samu mai rage maka kiɗa har numfashinka ya dawo. Citta kuwa na bar wa shayi.