Cokali Biyu na Madara da Na Zuba wa Jikata

Gaisuwa ga Edita da masu karatu. Shekaru kaɗan da suka wuce, ni mace ce mai ganin babu wanda ya isa ya koya mata girki. A unguwar Tandabawi da ke ƙasa mai tsarki aka haife ni, iyayena Kanawa ne da suka zo ta Sudan, kuma shekara talatin ina sayar da alkaki da funkaso daga ɗakin girkina. Duk bikin Hausawa daga unguwar Jarwal har ta Zahir sai an nemo ni. Ga baki, ga saurin hannu. 'Ya'yana shida babu wanda bai san zafin tafina ba, kuma a lokacin har alfahari nake yi da hakan, Allah ya yafe mini.

Babban ɗana da matarsa suna zaune a saman benena da 'yarsu guda, mai shekara bakwai. Yarinyar ta taso kullum ciwon ciki, ba ta ƙiba. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce alkama tana lalata mata hanji, madara kuwa ko kaɗan ce tana iya toshe mata maƙogwaro. Sai uwarta ta sauya girkinsu kaf zuwa wani tsari da take kira faliyo: nama, kifi, ƙwai, ganye, dankali, 'ya'yan itace. Ba hatsi, ba nono, ba man shanu, ba sukari. Har tukwane ta saya daban, ta roƙe ni kada ludayina ya shiga ciki. Ludayina fa! Ni da na raini zaratan maza da fura da nono. Na ce iyayi ne kawai da ƙyamar abincina. Sau uku tana zuwa ta durƙusa, wai Umma ki bari in nuna miki maganin gaggawar yarinyar nan, ina korar ta.

A gidanmu, duk hutun makaranta na lokacin sanyi, zuri'ata kan taru a rufin bene ranar Juma'a bayan la'asar. A hura gawayi, a gasa nama, a dafa shayi da madara, ni kuma in fito da alkaki. A waccan shekarar surukata ta hau da nata kwanukan: kaza da aka gasa da kabewa, miyar ganye da man zaitun, da wasu 'yan dunƙule-dunƙule na dabino da kwakwa. Wallahi abincin ya yi daɗi, kuma daɗin nan ne ya fi ƙona mini rai. Mutane suka yi ta kai hannu, farantin alkakina yana zaune. Ƙanwata ta kwashe da dariya ta ce yau dai an sauke Yaya daga kujera. Na yi yaƙe, na sauka ƙasa da dunƙule uku a gefen mayafina. Na murje su da cokali biyu na madarar gari, na sake mulmulawa, na birkiɗa su cikin kwakwa. Niyyata yarinyar ta ci, in jira minti talatin, sannan in tashi gaban kowa in tona ƙaryar uwarta. Na kira jikata na ba ta. Ta duba ta ga irin na mamanta ne, ta cinye biyu tana yi mini godiya.

Ko minti goma ba a yi ba ta fara sosa wuya. Leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma wani irin fito, ta zube kan tabarma. Uwarta ta yi ihu, ta zazzage jaka, ta zaro wata allura mai kama da alƙalami, ta ɗaga hannu za ta caka mata a cinya ta kan riga. Ban taɓa ganin abin ba, tunda na ƙi a nuna mini. Kuma in faɗi gaskiya, tsoro ne ya rufe ni, ina so abin ya zama iska ko kambun baka, kome dai ban da madarata. Na damƙo gashin surukata na fizgo ta baya, ina ihun a kawo zamzam, wannan mahaukaciyar za ta kashe mini jika. Na wanke ta da mari biyu, allurar ta faɗi. Ta rarrafa za ta ɗauka, na ɗauki ludayin ƙarfe na maka mata a hannu, na ji ƙarar ƙashi. Surukar nan tawa da shekara tara muna tare ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba, sai ta sa kai ta tunkuɗe ni da dukkan ƙarfinta. Na faɗa kan murhun gawayi, butar shayi ta kife mini a dantse. Ina birgima ina kururuwa, ita kuma ta ɗauki allurar da hannun hagu ta danna wa 'yarta.

A daidai nan ɗana ya hau da gudu. Ya tarar da uwarsa a ƙasa fata tana saɓulewa, dangi suna cewa matarsa ce ta tura ni. Bai tambayi kome ba ya ɗauke ta da mari har bakinta ya fashe. Ko kallonsa ba ta yi ba, sai cewa take a kira motar asibiti.

A asibiti likita ya ce ba don allurar ba da gawa za mu kawo, ya tambayi me yarinyar ta ci. Surukata, yatsu biyu a karye, baki na jini, ta fara buga kanta da bango tana cewa laifinta ne, ƙila kwakwar da ta saya ce aka gauraya ba ta duba ba. Na durƙusa a gabanta, ni da ake durƙusa wa, na faɗi abin da na yi. Ɗana bai zage ni ba, da ma ya zage nin. Kafin hutun ya ƙare ya kwashe iyalinsa suka koma Zahir.

Na yi kuka, na nemi gafara, surukata ta ce ta yafe, kuma na yarda da ita. Yatsanta guda bai ƙara miƙewa ba. Abin da na koya shi ne, iya girki bai sa na san jikin kowa ba, kuma girman kai ne ya sa na yi gwaji da ran yarinya. Iyaye mata 'yan'uwana, idan aka ce muku wane ba ya cin abu kaza, ku bar shi haka ko da ba ku gane ba, kuma ku tsaya a nuna muku maganinsa. Jikata tana nan lafiya, ta yi ƙiba, in na je takan rugo ta sumbaci goshina. Amma ko ruwa na miƙa mata, sai ta riƙe kofin da ladabi, ta ce na gode Hajiya, ta ajiye bai taɓa bakinta ba.