Minti Goman Baba Jethro

A Unguwar Sanusi, in ka ga tsoho a tsakar gida da hantsi yana nuna wa sama wani abu mai kama da ƙashin kifi, to Baba Jethro ne. Eriya ce, da bututun famfo da guntayen tef ɗin kafinta ya haɗa ta. Shekara talatin yana gyaran wayar tarho a layin dogo, da ya yi ritaya sai ya koma hira da iska. Lasisinsa na rediyo yana cikin leda biyu. Matarsa, Mama Edith, ta ce takardar aurensu ma ba ta sami wannan gata ba.

Wani ɗan tauraron ɗan'adam ne ke ratsawa ta saman Kaduna, minti goma kacal, yana kwaso muryoyin masu irin wannan sha'awa a mitar da aka ware musu. Baba sai ya lumshe ido yana bin sa da hannu a hankali, daga wajen kogi har ya faɗi bayan mangwaro. Muryoyi na saukowa kamar yayyafi, wannan daga bakin teku, wancan daga ƙasar da ake rawar sanyi. Kowa ya faɗi lambarsa da garinsa, ya ba wani wuri.

Rannan yana cikin wannan daɗi, sai ya ji daga sama an ce, "Abuja mutum ɗaya, Abuja mutum ɗaya."

'Yan kamashon wata tasha ne a Gonin Gora suka sayi rediyon hannu na magana, wato oba-oba, a kasuwa, suka faɗa kan mitar ba su sani ba. Sati uku Baba bai ji kowa ba sai lodi da rigimar kujerar gaba. Har tuwo ya rage ci. Mama Edith ta ce, "Ka je ka same su mana, ko su ma a sama suke?"

Ya ɗauki eriyarsa da rediyonsa ya shiga mota. Da ya isa tashar ya yi bayani, shugaban 'yan kamashon, Nuhu, ya dube shi ya ce, "Baba, iska kuma ta zama gonar wani?"

Baba bai yi musu ba. Ya duba agogo, ya ɗaga eriya, ya kira lambarsa. Muryar wata mata ta amsa daga wani tsibiri, tar kamar tana bayan rumfar mai shayi. 'Yan tasha suka matso kusa. Baba ya miƙa wa Nuhu rediyon ya ce, "Sunanka kawai da garinka."

Nuhu ya cire hula, ya ɗan rusuna. "Hajiya, ina kwana? Ina gajiya? Yaya maigida? Yaya ruwa a wajenku?" Baba na jan rigarsa, shi kuwa yana ta jero gaisuwa. Bai kai ga sunansa ba tauraron ya wuce, sai shuuu.

Nuhu ya daɗe yana kallon gajimare. "Ta ji ni kuwa?"

"Ta ji ka. Duk duniya ma ta ji ka, sati uku ke nan."

Nuhu ya sosa ƙeya, ya sa aka jera oba-oba tara a kan benci, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sauya musu mita. Da zai tafi, Nuhu ya riƙe masa eriya har bakin titi, ya ce a hankali, "Gobe ƙarfe nawa za ta wuce? Ban tambaye ta yara ba."