Kwanon da Baffa Ya Rufe

Har yau in na ji dangi suna yabon mahaifina, Baffa, wai akwai shi da kunya, raina ɓaci yake yi. Kunyar nan ce ta kusa kai shi kabari ina tsaye ina kallo.

Da ciwon suga ya kama shi, ni na raka shi asibiti. Likita ya ce akwai wata 'yar doguwar tsoka kwance a bayan tumbi, sunanta fankiriyas. Ita ke zuba wa hanji ruwan narkar da abinci, ita ke kuma fitar da insulin, mai kwashe suga daga jini ya raba wa jiki. Ta Baffa ta gaji, sai allura ta karɓi aikin. Sai dai allura ba ta da hankalin tsokar nan. Ko ka ci ko ba ka ci ba, kwashewa za ta yi. Don haka in an yi ta, a ci abinci, babu jira. Baffa ya gyaɗa kai kamar ya ji.

Wata Asabar na je gidanmu a Miri. Da hannuna na yi masa allurar, na ajiye masa tuwo. Ya wanke hannu ke nan sai ga sallamar maigidana, ya biyo ni daga Yelwa don ya gaishe shi. Baffa ya mayar da murfi, ya tura kwanon bayansa. Mu Fulani ne, Bafillace kuwa ba ya cin abinci a gaban suruki.

Shi kuwa maigidan nawa, Allah ya yi shi da surutu. Ya miƙe ƙafa, ya kawo zancen damina, ya kawo tsadar taki, ya koma kan ɗaliban da yake koyarwa. Ina leƙe ta labule, gumi na ɗiga daga gemun Baffa, carbi na rawa a hannunsa. Na yunƙura zan shiga, Inna ta riƙe mini mayafi, wai kada in kunyata mahaifina. Na ce, "Inna, gawarsa kike so mu yi wa kara?" Na fizge.

Kafin in isa Baffa ya kife, sugan jininsa ya yi ƙasa. Maigidana ya tallabe kansa a cinya, ni kuma na lakato zuma ina shafa masa a dasashi, ina kuka, ina jin kamar in mari kowa a gidan.

Da ƙyar ya buɗe ido. Ya dube ni, ya ɗaga kai ya ga wanda ke riƙe da shi. Sai ya kau da fuska a hankali, ya tofar da zumar a gefen tabarma.