Malama Asama'u Ta Biyo Mu Har Tsakar Gida

Da sassafe Malama Asama'u take share barandar ɗan asibitin ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanbatta, ta rataye ma'aunin yara a reshen darbejiya, ta zauna jiran iyaye mata. Haka take yi tun tana da ƙarfinta har furfura ta fito mata, kuma a watan nan take ajiye aiki.

A daminar da rumbuna suka ƙare tun gero bai fitar da kai ba, tamowa ta shigo mana gari. Asibiti na raba kwaɓin gyaɗa a 'yan ledoji, na yaron da ya rame shi kaɗai. Amma uwa za ta karɓa, ta dawo wani makon yaron ya ƙara lalacewa. Mun binne yara har hawaye suka ƙafe mana. Sai magana ta bazu wai a kasuwa matan ke sayar da shi.

Malama ba ta gaskata ba, ba ta kuma musa ba. Ta ce sai ta gani da idonta. Idan an tashi aiki sai ta bi gida-gida, ta zauna a tabarma tana taya tsinkar zogale, tana tambaya: wa ya ci, yaushe, shi da wa?

A gidan Hure, wadda ɗanta Muntaka ko zama ba ya iya yi, Malama na zaune aka fasa leda. Yayyensa suka kewaye uwar, ta lakata wa kowa a yatsa.

"Hure, nasa ne fa shi kaɗai."

"Malama, ke za ki iya? Ki ba ɗaya, sauran na kallon bakinsa? Ni na haife su duka."

Kusan duk gidan da Malama ta shiga abin da ta tarar ke nan, don a garinmu ba a cin abu yaro na kallo.

Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta kai wa shugaban asibiti abin da ta gano, suka sauya tsari. Ta roƙo gero da waken suya a wurin masu ɗan hali, ta ɗora tukunyar kunu a bayan asibiti. Kullum da safe yayye su sha kunu a waje, mai tamowa ya lashe ledarsa a ciki, a gabanta.

Ba kowa aka ceto ba. 'Yar Hafsatu maƙwabciyata ta rasu ana gobe za a hura wa tukunyar wuta. Amma Muntaka ya tashi. Jiya na gan shi da kara a hannu yana korar akuya daga gonar babansa.

Malama, ke ce kika tsaya tambaya lokacin da kowa ya gama yanke mana hukunci. Uwar ramammu, mun gode, Allah Ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma masu zuwa bayanta, kafin ku zargi uwa, ku yi sallama ku shiga tsakar gidanta, ku zauna har a fasa ledar.